Tafkin Scott na Kansas: Gandun da Ruwansa ke Hannun Maƙwabta

Yammacin jihar Kansas ta Amurka fili ne fetal. Sai mutum ya yi tafiyar awa guda a mota bai ga tudu ba, bai ga kurmi ba, sai gonakin alkama da masara da dawa iya ganin ido, sai dogayen rumbunan hatsi na kankare da ke sanar da matafiyi cewa gari ya kusa. Ruwan saman da ke sauka a shekara wajen milimita 500 ne, kusan abin da ƙasar Maraɗi ke samu, ga iska da ba ta san hutu ba. A tsakiyar wannan sarari, kimanin kilomita 20 arewa da garin Scott City, hanya takan gangara ba zato cikin wani kwari mai bangon dutse. A ƙasan kwarin bishiyoyi sun yi duhu, ruwa na tsattsafowa daga gindin duwatsu, ga tafki kwance mai faɗin eka 100. Nan ne gandun Tafkin Scott, eka dubu da 'yan kai, ɗaya daga cikin tsofaffin wuraren shaƙatawa da gwamnatin jihar ke riƙe da su.

A Amurka gandu iri-iri ne. Akwai manya na gwamnatin tarayya irin su Yellowstone da duniya ta sani, akwai kuma na jihohi, waɗanda galibi ƙanana ne, kuma mutanen yankin ne suka fi cin moriyarsu: magidanci ya kwashi iyalinsa ranar Juma'a da yamma, a kafa tanti, a jefa ƙugiya, ranar Lahadi a koma gida. Tafkin Scott na cikin kashi na biyu. Sai dai abin da ya taru a ɗan kwarin nan ya fi ƙarfin girmansa. Akwai kufan gidan da 'yan gudun hijira suka gina sama da shekaru 300 da suka wuce, akwai fagen yaƙin 1878 a maƙwabtaka, akwai gidan dutse na wani manomi da matarsa, sannan akwai wani ɗan ƙwaro da ba a samunsa a ko'ina a duniya sai nan. An saba jera waɗannan ɗaya bayan ɗaya kamar babu abin da ya haɗa su. Ni a ganina labarinsu guda ne, labarin ruwan da ke ɓuɓɓugowa a wurin, kuma makomar ruwan nan a wajen shingen gandun ake yanke ta.

Me ya kawo ruwa a nan, bai kawo shi kilomita goma gaba ba? Amsar tana cikin ƙasa. Shekaru kimanin miliyan 80 da suka shige, teku ne ya rufe tsakiyar nahiyar Amurka ta Arewa. Da ya janye sai ya bar farin alli mai kauri da lakar da ta daskare ta zama dutse. Shi ya sa har gobe ake tono ƙasusuwan manyan kifaye da dodannin ruwa a gundumomin Gove da Logan da ke arewa da gandun, inda ginshiƙan allin Monument Rocks suke tsaye. Can daga baya, kogunan da ke gangarowa daga tsaunukan Rocky suka yi ta kwaso yashi da tsakuwa suna shimfiɗawa a kan allin, na tsawon miliyoyin shekaru. Shimfiɗar yashin nan ita ta sha ruwa ta riƙe. Ita ce taskar Ogallala, wadda ke kwance ƙarƙashin jihohi 8, tun daga Dakota ta Kudu har Texas, faɗin murabba'in kilomita kusan 450,000. Ruwan yana maƙale ne tsakanin ƙwayoyin yashi, dutsen da ke ƙasa kuma ya hana shi nutsewa. Duk inda rafi ya ci ƙasa har ya kai mahaɗar yashin da dutsen, ruwa zai tsiyayo ta gefe, kuma abin da rafin Ladder ya yi ke nan a wannan kwari. Da yake daga cikin ƙasa ruwan ke fitowa, sanyinsa kusan ɗaya ne rani da hunturu. Farin shekara guda ba ya ƙafar da shi, ba ya kuma daskarewa a bakin idon ko da ƙanƙara ta rufe fili.

A ƙasar da ruwa ke wuya, irin wannan wuri ba ya ɓuya. A ƙarni na 17 Apache mazauna fili, wata ƙabilar 'yan asalin ƙasar Amurka, su ne ke zaune a kwarin, suna farautar ɓauna, suna ɗan taɓa noma a bakin ruwa. Can kudu maso yamma, kusan kilomita 500, a ƙasar da yanzu ake kira New Mexico, akwai mutanen Pueblo, manoma masu gina gidajen ƙasa da dutse hawa-hawa. Tun 1598 Sifaniyawa suka hau kansu da haraji da aikin tilas, malaman coci kuma suka hana su ibadunsu na gado. Wasu mutanen garin Taos da abin ya ishe su sai suka tattara suka nufi wajen Apache, wurin da takardun Sifaniyawa suka kira El Cuartelejo, har sai da aka tura wani hafsa mai suna Juan de Archuleta wajen 1664 ya komo da su. A 1680 garuruwan Pueblo suka haɗa kai ƙarƙashin wani jagora, Popé, suka kori Sifaniyawa, suka yi shekara 12 babu mai mulkinsu. Da Sifaniyawa suka dawo a 1692, aka sake bore a 1696 bai yi nasara ba, sai mutanen garin Picuris suka bi hanyar da na Taos suka bi. Shekara 10 bayan haka, a 1706, Juan de Ulibarri ya jagoranci ayari ya je ya dawo da sama da mutum 60 daga cikinsu. A rahotonsa ya ambaci gonakin masara da kabewa da kankana da ya tarar, ya kuma ga bindigogin da suka fito daga hannun Faransawa, abin da ya tayar wa hukumomin Sifaniyawa da ke Santa Fe, babban birnin New Mexico, hankali, har suka yi tunanin kafa bariki a can, ba su dai kafa ba.

Abin da baƙo ke gani yau shi ne harsashin gini mai ɗaki 7, tsawonsa wajen mita 15, faɗinsa wajen mita 10, duwatsu jere ba su wuce gwiwa ba. S. W. Williston da H. T. Martin na Jami'ar Kansas ne suka fara tono shi a 1898. Sun tarar da murhu a ɗakuna, da wurin niƙa, da masarar da ta ƙone ta zama gawayi, alamar wuta ce ta ci gidan. Ba su ga ƙofa a bango ba. Abin da suka gani ƙananan ramuka ne bibbiyu a daɓen ɗakuna, inda ƙafafun tsani suka zauna, wato ta rufi ake shiga, kamar yadda ake yi a Taos. An kuma ga sawun 'yan magudanan da aka ja daga idon ruwa zuwa gona. Babu wani gini irin na Pueblo da aka sani da ya kai wannan nisa zuwa arewa maso gabas. Gwamnatin tarayya ta sa wurin cikin manyan wuraren tarihin ƙasa a 1964, aka sake tono shi a 1970, aka gyara harsashin yadda yake a yanzu.

Masana sun daɗe suna jayayya kan ko El Cuartelejo ɗin takardun Sifaniyawa wannan kwari ne, ko kuwa wani yanki ne a gabashin Colorado, domin awon tafiyar da Ulibarri ya rubuta yana karɓar fassara fiye da ɗaya. Jayayyar ba ta dame ni ba kamar abin da fasassun tukwanen wurin suka nuna. Masu binciken kufai, cikinsu har da Margaret Beck da Sarah Trabert, sun duba sakainun da aka tono, suka ga akwai kwanuka da tukwanen da aka gina da yumɓun kwarin amma da salon mutanen Pueblo. Ginin tukwane kuwa aikin mata ne, uwa ke koya wa 'ya. Ma'ana matan Pueblo sun zauna a nan har sun nemo yumɓu, sun yi girki irin na gida, kuma bisa dukkan alamu sun yi auratayya da Apache. Takardun masu mulki cewa suke an je an ceto mutane an mayar da su gida, magana ta ƙare. Ƙasa kuwa ta nuna akwai waɗanda suka mayar da kwarin gida. Wajen shekarun 1730 hare-haren ƙabilar Comanche suka tilasta wa Apache barin yankin suka yi kudu.

Shekara kusan 150 bayan haka wasu masu gudun suka sake isowa, su kuma daga kudu suka nufi arewa. Bayan yaƙin Little Bighorn na 1876, sojojin Amurka sun matsa wa Cheyenne na Arewa, wata ƙabilar 'yan asalin ƙasar, har suka miƙa wuya, aka kwashe su a 1877 zuwa yankin da yanzu yake Oklahoma. Ƙasar ba tasu ba ce, zafi ya yi musu yawa, abincin da aka yi alkawari ba ya isa, zazzaɓin cizon sauro da ƙyanda suka shiga kashe su. Shugabanninsu biyu, Dull Knife da Little Wolf, sun roƙi a bar su su koma, aka ƙi. Daren 9 ga Satumba, 1878, mutum kimanin 350 suka sulale, mayaƙa ba su kai 100 ba, sauran mata ne da yara da tsofaffi. Ranar 27 ga watan sojoji daga barikin Fort Dodge ƙarƙashin Laftanar Kanar William H. Lewis suka cim musu a wani kwazazzabo da ke kimanin kilomita 2 kudu da gandun na yanzu. Cheyenne ne suka zaɓi wurin, don akwai ruwa, akwai kuma kogo a ƙarshen kwazazzabon inda suka ɓoye mata da yara. Mayaƙan suka haƙa ramuka a kan gangara suka kewaye su da duwatsu, kuma har yau ana ganin ramukan. An yi ta musayar wuta har faɗuwar rana. Harsashi ya sami Lewis a cinya, ya cika a hanyar kai shi barikin Fort Wallace. Da dare ya yi Cheyenne suka fice, suka bar kaya da dawakai da yawa da sojoji suka harbe. Ana ɗaukar wannan a matsayin karo na ƙarshe tsakanin sojoji da 'yan asalin ƙasar a Kansas.

Abin da ya biyo baya ba daɗin ji, kuma bai kamata a tsallake shi ba. Kwanaki kaɗan bayan yaƙin, wasu samarin Cheyenne da ke neman dawakai da abinci suka kashe manoma baƙin zama sama da 30 a gundumomin Decatur da Rawlins, mutanen da ba su ji ba ba su gani ba. Ayarin ya rabu biyu a Nebraska. Mutanen Dull Knife aka tsare su a barikin Fort Robinson, aka hana su abinci da ruwa da itacen wuta a tsakiyar hunturu don su yarda su koma kudu; a Janairun 1879 suka fasa suka fita, aka kashe kusan 60. Na Little Wolf sun kai Montana. A 1884 gwamnati ta keɓe wa Cheyenne na Arewa ƙasa a gefen kogin Tongue, inda jikokinsu suke har yanzu. Duk mai ba da labarin kwazazzabon nan ya ambaci gawa ɗaya ya bar ɗaya, bai yi wa kowa adalci ba.

Shekara 10 kacal bayan wannan, a 1888, wani baƙon manomi Herbert Steele ya iso gundumar Scott. Lokacin an riga an ƙarar da ɓauna, waɗanda a da garkensu ya kai miliyoyi, mafarautan fata suka shafe na Kansas cikin 'yan shekaru a farkon shekarun 1870. Dokar 1862 ta ba duk wanda ya zauna ya noma fili na shekara 5 damar mallakar eka 160. Steele da matarsa Eliza sun fara da ɗakin da suka haƙa a jikin gangara, daga baya suka gina gida mai ɗaki 4 da dutsen da suka fasa a kwarin, wanda yanzu gidan tarihi ne da kayan aikinsu a ciki. Steele ne ya lura da tsibin duwatsun kufan nan da sakainu ya jawo hankalin masana. A 1928 hukumar gandun daji da kifi da namun daji ta jihar ta karɓi filinsu na eka 640 ta haɗa da na kewaye, a 1930 aka datse rafin Ladder, tafki ya kwanta. Ambaliyar 1933 ta ɓalle wani sashe na madatsar, sai matasan rundunar aikin raya ƙasa da Shugaba Franklin Roosevelt ya kafa don rage zaman kashe wando suka zo suka gyara. A daidai shekarun nan ne fari da guguwar ƙura suka addabi yammacin Kansas, gonaki suka tashi sama, mutane suka yi ta ƙaura. Idanun ruwan kwarin ba su ƙafe ba.

Game da namun daji, gandun duniya biyu ce a haɗe. A saman gangara gajeriyar ciyawar fili ce, irin wadda ba ta wuce tafin hannu ba amma saiwarta ta yi nisa cikin ƙasa, ta bushe ƙurmus lokacin fari, ta farfaɗo da yayyafin farko. A nan ake gamuwa da barewa mai manyan kunnuwa, da dilan Amurka da ke kuka da dare, da maciji mai kacau-kacau a wutsiya, wanda ya sa ake gargaɗin masu yawo su duba inda za su taka. Da an gangaro sai inuwa. Cikin bishiyoyin akwai talotalon daji da ke yawo garke-garke har cikin masaukin baƙi, da wata barewar mai farar wutsiya, da kyanwar daji da ba kasafai ake ganinta ba, da biba, dabbar ruwa mai faffaɗar wutsiya da ke sare itace da haƙori tana datse rafi. Ungulaye kan kwana a bishiyoyin bakin ruwa da bazara, da safe su buɗe fukafukai su sha hantsi kafin su tashi. Kwarin yana kan hanyar tsuntsaye masu ƙaura tsakanin Kanada da kudu, don haka agwagin ruwa da ƙananan tsuntsayen kurmi kan yada zango a nan, saboda babu wani wuri mai ruwa da bishiya a kusa.

Yana da kyau a san cewa ba duk abin da ido ke gani ne na asali ba. Tafkin aikin hannu ne, kuma ya haɗiye wani sashe na rafin da ke gudana a da. Yawancin kifayen da ake kamawa, tarwaɗa da sauransu, hukuma ce ke zuba su. Ɓauna, wadda ita ce ta yi wannan fili da kiwonta da kofatonta, babu ita a matsayin dabbar daji. Mai son ganinta sai ya je irin gonar kiwon Smoky Valley da ƙungiyar Nature Conservancy ke kula da ita a gundumar Logan.

Ɗan asalin da ya fi kowa daɗewa kuwa bai kai ƙwayar shinkafa ba. Wani baƙin ƙwaro ne mai tsawon ƙasa da milimita 3, wanda masana suka tantance a 1978 suka sa masa suna Optioservus phaeus. Duk duniyarsa ita ce idon ruwan Big Spring da 'yar gajeriyar ƙoramar da ke fita daga gare shi. Yana maƙale a jikin duwatsu cikin ruwa mai gudu, yana kankarar gansakukar da ke kansu. Ba ya tasowa sama shaƙar iska. Jikinsa na da wasu gasu ƙanana ƙwarai da ke riƙe siririn mayafin iska, iskar shaƙa da ke cikin ruwa tana ratsawa ta shiga mayafin, shi kuma ya shaƙa. Dabarar tana aiki ne kawai idan ruwan na da sanyi, yana gudu, yana da tsabta. Ruwa ya ragu ya kwanta ya yi ɗumi, ƙwaron ya shaƙe. Masana na ganin ragowa ne daga zamanin da yankin ya fi yanzu sanyi da damshi, 'yan'uwansa suka ƙare da ƙafewar ƙoramu, shi ya tsira a wannan ido guda. Jihar Kansas ta sa shi cikin halittun da ke bakin ƙarewa. Hukumar kifi da namun daji ta tarayya ta duba lamarinsa, a 2019 ta ce bai kai a sa shi cikin jerin tarayya ba, bisa hujjar cewa yawansa da ruwan idon ba su nuna alamar raguwa ba. Hukuncin na da madogara. Amma halittar da gidanta ɗaya ne tak, ba ta da inda za ta koma ranar da lissafi ya kuskure.

Masu zuwa shaƙatawa galibi ba su san da ƙwaron ba, kuma ba laifinsu ba ne. Abin da ya kawo su iyo ne a bakin yashi, da hayar kwalekwale a wani tsohon gini na 1930 da ke bakin tafkin, da kwana a tanti ko ɗakin haya, da hawan doki a hanyar da ta zagaye ruwan. Ba a yarda da tseren jiragen ruwa ba, tafkin ya yi ƙanƙanta. Ga iyalin da ke zaune a garin da babu kogi babu kurmi, wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma ina ganin kuskure ne a raina shi a ce tarihi da kimiyya ne kaɗai darajar wurin. Kuɗin shiga da na kwana su ke ɗaukar kaso mai yawa na hidimar gandun. Wanda ya zo shaƙatawa shi ke biyan albashin mai gadin kufai. Matsalar da ke taɓa baƙi kai tsaye ita ce wata koriyar gansakuka mai dafi da ke yaɗuwa a tafkin da zafi, wadda ragowar taki da ke gangarowa daga gonaki ke ciyarwa. Idan ta yi yawa hukumar lafiya ta jihar kan ba da gargaɗi a daina iyo, a kuma hana karnuka shan ruwan. Tun a nan ma an ga cewa abin da ake yi a gona yana isowa gandu.

Babbar maganar dai ita ce ta rijiyoyi. Har zuwa yaƙin duniya na biyu, abin da ake ɗiba daga Ogallala kaɗan ne, na sha da na dabbobi. Bayan yaƙin aka sami injinan da ke jawo ruwa daga zurfi da man fetur ko gas mai arha. A 1952 wani manomi, Frank Zybach, ya yi rajistar na'urar ban ruwa mai kewayawa: dogon bututu kan tayoyi, tsawonsa wajen mita 400, yana juyawa a kan rijiyar burtsatse da ke tsakiya yana yayyafi. Ita ce ke yin korayen da'irorin nan da ake gani daga jirgin sama. Da ita aka shiga noman masara a ƙasar da ruwan samanta bai isa masara ba, masarar kuma ta jawo manyan garkunan kiwon turka, har gundumar Scott ta shiga sahun gaba a jihar wajen turke shanu. Arziki ya shigo, ba mai musu. Sai dai lissafin bai daidaita ba: abin da ke komawa taskar daga ruwan sama a wannan yanki bai kai milimita 25 a shekara ba, gonar masara kuwa takan sha sama da milimita 300 na ban ruwa. Wani binciken Jami'ar Jihar Kansas da aka buga a 2013 ya ƙiyasta cewa an riga an kwashe kashi 30 cikin 100 na ruwan taskar a jihar, kuma in aka ci gaba a haka wani kashi 39 zai tafi cikin shekara 50. A yankin Scott da maƙwabtansa, inda shimfiɗar ruwan dama ba ta da kauri, wurare da yawa sun rasa fiye da rabi. Wanda ke son ganin ƙarshen irin wannan hanya ya je Garden City, ƙasa da tafiyar awa guda kudu da Scott City, ya tsaya kan gadar kogin Arkansas: yawancin shekara yashi ne zalla. Idon ruwa kuma daga saman taskar yake sha, don haka shi ke fara jin raguwa tun rijiyoyi masu zurfi ba su ji ba.

Doka ma ta taimaka wajen ɓarnar. Dokar ruwa ta Kansas ta 1945 ta ce wanda ya riga samun izini shi ke da fifiko, kuma na tsawon shekaru wanda ya daina amfani da kasonsa yana iya rasa shi. To wa zai yi tsimi? Manomin da ya rage ɗiba bai tsira da komai ba, maƙwabcinsa ne zai zuƙe abin da ya bari, tunda taskar ɗaya ce. Sai a 2012 majalisar jihar ta sassauta wannan sharaɗi a yankunan da aka rufe ba da sabon izini, ta kuma ba manoman kowane yanki damar su tsara wa kansu ragi, hukuma ta mayar da shi doka a kan kowa. Manoman wani yanki na gundumar Sheridan ne suka fara a 2013. Sun ɗaure kansu da ragin kashi 20, suka ƙare da rage fiye da haka, kuma binciken da aka yi ya nuna ribarsu ba ta faɗi ba, domin sun koma auna damshin ƙasa kafin su kunna inji, wasu suka sauya masara da dawa. Gundumar Wichita da ke yamma da Scott ta bi sahu a 2021. A Disamban 2022 hukumar ba da shawara kan ruwa ta jihar ta fito fili ta ce manufar barin taskar ta ƙare sannu a hankali ba ta da amfani ga Kansas, maganar da aka daɗe ana kauce wa faɗa. A 2023 irin wannan shiri ya fara aiki a gundumomi huɗu, Scott na ciki.

Ina ganin wannan ita ce hanya, ko da yake ta zo a makare, kuma ragin bai kai ya tsayar da raguwar gaba ɗaya ba. Ba na kuma tare da masu zagin manoman yankin daga nesa. Manomin nan mutum ne da bashin banki a wuya, ya gaji rijiya da izini na halal, 'ya'yansa ne ke iyo a tafkin ranar Asabar. Abin da ya fi ƙarfin mutum ɗaya, sai an ɗaure kowa lokaci guda yake yiwuwa. Ma'aikatan gandun na iya kare bakin Big Spring daga masu tattakawa, su hana zuba guba, su gyara harsashin kufai, amma ba su da ta cewa kan injin da ke aiki bayan shingensu.

Kowane watan Janairu, lokacin da injinan ban ruwa suka huta, ma'aikatan hukumar binciken ƙasa ta Kansas da na sashen albarkatun ruwa kan zagaya rijiyoyi kusan 1,400 a yammaci da tsakiyar jihar, su zura awo su rubuta zurfin ruwa. Da waɗannan alƙaluma ake duba ko shirin gundumomi huɗun yana aiki idan wa'adinsa na shekara 5 ya cika. Abin da nake so a yi shi ne a riƙa buga yawan ruwan da Big Spring ke fitarwa a gefen alƙaluman rijiyoyin, a kuma ajiye shi a gaban manoma ranar da za su zauna sabunta shirin.